Durƙusa ki ga abin da ɗanki yake gani: yadda na rage guba a gidana

Wata Alhamis da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, sai na jiyo yarona na biyu ya sarƙe da wani irin tari daga bayan ƙofar kicin. Lokacin shekararsa ɗaya da wata bakwai. Ko da na isa, robar lemo ce a hannunsa, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf, wurin duk warin kananzir. Ba kowa ya zuba kananzir a robar nan ba, ni ce, kwana biyu kafin nan, da niyyar in ɗauke ta idan na gama aiki.

Kafin in rufe baki daga salati maƙwabciyata ta faɗo gidan da kwalbar manja tana cewa, “Ɗura masa, ɗura masa ya amayar!” Allah Ya taimake ni ƙanwar maigidana tana nan, ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Ta riƙe hannun matar, ta juyo ta ce da ni, “Anti, kada ki ba shi komai. Cire masa rigar nan, a tsayar mana da ɗan sahu.” A asibiti likita ya yi mana bayani: kananzir ba a ciki ya fi yin ɓarna ba, a huhu ne, amai kuwa shi ne hanyar da yake bi ya faɗa huhun. Kwana biyu muka yi aka sallame mu.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To akwai kuma abin da yaro yake gani a ƙasa wanda babba ba zai taɓa gani ba sai ya durƙusa. Shekara shida ke nan da faruwar abin. Yarana uku yanzu, muna gidan haya a Kano, ciki biyu da falo da 'yar tsakar gida. Ban taɓa sayen kayan jarirai na ƙasar waje masu tsadar nan ba, kuma ba zan ce ki saya ba. Yawancin abin da na yi fitarwa ne, ba shigarwa ba.

Fara da rarrafe

Ki zaɓi safiyar da babu baƙi, ki ɗauki bokiti, ki sa gwiwa a ƙasa ki bi kowane ɗaki da rarrafe. Dariya za a yi miki, ni ma an yi mini. Duk abin da hannunki ya kai gare shi kina durƙushe, wanda ba za ki so ki gan shi a bakin yaro ba, jefa shi a bokiti. Ga abin da na kwaso a rana ɗaya: shinkafar ɓera a murfin kwalba bayan buhun masara, ƙwayoyin kafur a ƙasan sif, tsofaffin batiran tocila guda huɗu, ɗaya har ya fara fitar da farin gari, maganin hawan jinin surukata Hajiya a bakin taga, reza, ruwan bilicin ɗin wanki a gorar ruwan sha, da ragowar sodar da na taɓa haɗa sabulu da ita.

Abin da ba ki buƙata, ki rabu da shi. Abin da dole ya zauna, ki samar masa wuri guda, a sama, mai kwaɗo. Ni tsohon akwatin ƙarfe na aurena na ɗora a kan sif, makullin yana rataye a ƙusa inda ni kaina sai na yi ɗage. Doka ɗaya ce ba na sassauta wa kowa, har Abban yara: ba a juye abin da ba a ci ko sha a mazubin abin ci ko sha. Kananzir, fetur, bilicin, maganin ƙwari, kowanne ya zauna a abin da ya zo a ciki. Yaro bai iya karatu ba, siffar roba kawai ya sani. Kada kuma ki gauraya bilicin da maganin wanke masai wai don banɗaki ya fi fita, iskar da suke tayarwa tana sarƙe numfashi.

Idan tsautsayi ya gitta yaro ya sha wani abu, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara. Ɗauki yaron da mazubin abin da ya sha, ki nufi asibiti.

Sauro, da abin da muke kashe shi da shi

Nan ne na fi shan wahala, domin sauron Kano a watan Agusta ba ya jin lallashi. A da, kamar kowa, da magariba sai in yayyafa fiya-fiya a lungunan ɗaki in rufe ƙofa, bayan isha'i mu shiga mu kwanta, idanu na yaji muna cewa ai maganin yana aiki. Abin da ke cikin yawancin waɗannan kwalabe marasa suna shi ne sinadarin da ake kira DDVP, wanda ke cikin Sniper da ire-irensa. Na gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, yaro mai rarrafe kuwa a ƙasan da kika yayyafa yake wuni, yana tsotsar hannu. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa a kasuwanni da kantunan unguwa, amma har yau idan kika aiki yaro zai samo miki.

Abin da ya maye gurbinsa a wurina ba wani sabon abu ba ne. Raga a kowace taga, kuma duk shekara kafin ruwan farko ina bin ta da allura da zare ina ɗinke inda ta yage. Rufe ƙofofi tun kafin rana ta faɗi. Kifar da duk abin da ke tara ruwa, tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen bokiti, da share kwata duk Asabar. Sai gidan sauro a kan kowace shimfiɗa, ana cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Idan sabo ne, ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, shi ne ba zai yi muku zafi a fuska ba. In zai sha wanki, da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa.

Za ki ce ai shi ma gidan sauron da magani a jikinsa. Haka ne, kuma na yarda da shi. Ni ba yaƙi nake da duk abin da ya fito daga masana'anta ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara a unguwarmu duk damina, don haka idan masu rabon maganin rigakafinsa na wata-wata suka ƙwanƙwasa ƙofa, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ni ce ta farko da ke miƙo nawa. Haka allurar rigakafi, ba mu taɓa tsallake ko ɗaya ba. Maganin sauro na kunnawa mai hayaƙi kuwa na bar shi ga masu hira a ƙofar gida, ba ya shiga inda yaro ke barci.

Hayaƙi

Abin da ya fi ba ni kunya idan na tuna shi ne hura gawayi da leda. Kowa yana yi: a cusa baƙar leda a tsakiyar kurfoti, a ƙyasta ashana, tana narkewa tana ɗiga, ga goyo a baya yana shaƙa. Hayaƙin roba guba ne, kuma huhun jariri bai gama ƙwari ba. Yanzu ina tara ƙirare da totuwar masara da ɓawon gyaɗa a wani tsohon buhu. Ki shimfiɗa su a ƙasa, ki jera gawayi a kai ki bar ƙofar iska, ki sa 'yar takarda da kika ɗiga wa ragowar man suya, sai mafici. Ya fi leda jinkiri da kamar minti uku, iyakarsa ke nan.

In da itace kike girki, ki nemi busasshe, ki girka a sarari, ki sauke goyon ki ba wani ya riƙe miki ko ki zaunar da shi inda iska ba ta kaɗo hayaƙin. Lokacin sanyi kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take tafiya da shi, kuma irinta ce janareta ke fitarwa, don haka shi ma nesa da taga. Turaren wuta fa? Ban daina ba, ni 'yar Kano ce. Sai dai ina turara ɗaki yara suna waje, in buɗe taga hayaƙin ya fita, ƙamshin ya zauna, sannan su shigo.

Maganar kwalli, da maganar Hajiya

Wannan ita ce ta kusa haɗa ni da surukata.

A 2010 aka wayi gari yara suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara, irin su 'Yargalma da Dareta, a ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka, daga baya aka gano abin ya kai har Bagega. Fiye da yara 400 suka rasu. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. Duk mun ji a rediyo, mun yi jimami, muka ɗauka abin na masu haƙar ma'adinai ne. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, dutsen kwalli mai ƙyallin nan da ake niƙawa a zuba a tandu, shi kansa ma'adinin dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka an sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, kuma da aka auna tozalin fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce.

Dalma ba makantar da yaro take yi ba, shi ya sa ba a zarginta. Yaro yana murza ido, ya kai hannu baki, ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba zazzaɓi, ba kumburi, sai dai a zo shekarun makaranta a ga yana jinkirin ɗaukar karatu, a ce haka Allah Ya yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da za a ce ba shi da illa a jikin yaro.

Ranar da aka yi kwana uku da haihuwar autata, Hajiya ta zo da tandunta, wanda ta gada tun daga mahaifiyarta. Ta karɓi jaririyar ta ɗora a cinya, ta ciro tsinken. Na ce, “Hajiya, da an bar mata kwallin nan, an ce yana da illa.” Ɗakin cike da 'yan barka. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Tara na haifa, duk da kwallin nan na raine su, har da mijin naki. Wanne ne ya makance?” Aka yi tsit. Ta sa mata, ta miƙo mini ita, ba ta ƙara ce mini komai ba har ta tafi.

Kuskurena ne, kuma kada ki maimaita shi. Ba a gyara wa babba a gaban jama'a, kuma maganar ba daga bakin matar ɗa ya kamata ta fito ba. Da dare na zaunar da Abban yara na yi masa bayani, shi ya sami ƙanwarsa, su biyu suka je suka same ta ita kaɗai. Abin da na fahimta daga baya shi ne, kaka ba kwallin ne ya dame ta ba, so take hannunta ya taɓa jikin jikarta da wani abu nata. Sai na sayo man kaɗanya mai kyau na kai mata na ce, “Hajiya, ni ban iya shafa mata yadda kike yi ba, idan kin zo ke za ki riƙa yi mata bayan wanka.” Tun daga nan duk zuwanta ita ke shafe ta tana yi mata addu'a, tandu kuma bai sake fitowa daga jaka ba.

Dalma tana da wasu ƙofofin. Tsohon fenti mai ɓarewa da yaro ke ɓantara yana ci. Batirin mota da ake fasawa. Idan maigida yana gyaran batir, ko fenti, ko aikin ma'adinai, ya sauya kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kayan aikin kuma a wanke su daban. Sai tukwanen da ake narka tarkacen ƙarfe a ƙera, waɗanda wani bincike a Kamaru ya sami dalma a jikinsu. Ban iya zubar da nawa duka ba, amma na daina dafa abu mai tsami a ciki, irin zoɓo da miyar yakuwa da kunun tsamiya, domin tsami ne ke jawo ƙarfe cikin abinci, kuma ba na barin miya ta kwana a tukunya.

Fatar jariri

Ruwa mai ɗumi, sabulu marar turare, man kaɗanya ko man kwakwa. Kayan wankan 'ya'yana ke nan. Sabulun salo yana da kyau ga manya, amma wani yana da kaifi, ki gwada a bayan hannunki tukuna. Hoda na daina, saboda ƙurarta hanci take shiga, kuma ƙurajen zafi iska da rigar auduga suke so.

Kafur ɗin da muke zubawa a akwatin kayan haihuwa, ki fitar da shi tun kina da ciki, ki wanke kayan ki shanya a rana. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da wani rauni a jini da likitoci ke kira ƙarancin G6PD. Irin waɗannan, kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara mai tsanani ta kama su, kuma ba za ki san naki yana ciki ba sai an gwada. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a ƙyalle yana kore ƙwari daga kaya. Idan kuwa kika ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, asibiti a ranar, ba jiƙo ba.

Cibiya: ba man goge baki, ba toka, ba man zafi. Akwai man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti don cibiya kaɗai, shi za ki shafa da wankakken hannu, kada ya kusanci ido. Lallen Sallah ga 'yan mata, jan lalle na ganye, ban da dayis, wanda kan tayar da fata ya bar tabo. Jariri kuwa ba lalle ko kaɗan.

Sai abin da yake ƙona mini rai, masu shafa wa yara man bilicin don su yi haske. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara uku a gidan biki, gaɓoɓin yatsunta baƙi, kumatunta ja kamar an ƙona. Man da ake haɗawa a roba ba suna ba komai, sau da yawa da sinadaran da ke sirantar da fata, wasu har ƙoda suke taɓawa. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Duk man da aka ce miki zai “fito da kalar” yaro, ki mayar wa mai shi.

Abin da ke shiga ciki

Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a ba shi, ko da ana zafin Afrilu. Ke za ki sha ruwan. Zuma, duk da albarkarta, sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba.

Bayan wata shida ga garin kunun da na raini ukun da shi. Gwangwani 6 na gero, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Ki jiƙa waken ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙarau, ki soya shi sama-sama har ƙarnin ya fita. Gero a wanke a rege a shanya, shi ma a ɗan soya. Gyaɗa kuwa ki baza ta a faranti ki tsince da hannu: duk wadda ta yamutse, ta canza launi, ko take da ɗaci, ki zubar, kada ki ba kaji ma. Fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da guba mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Ki haɗa a niƙo, ki zuba a mazubi mai murfi, ki yi na sati biyu-biyu kada ya daɗe. A dama da kauri, ba tsululu ba, a ɗiga manja ko a zuba garin zogale kaɗan.

Wake shi ne abin da na fi tsoro a kasuwa, saboda masu zuba masa maganin ƙwari a buhu. Ba ƙage ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan DDVP da aka samu a ciki. Su sun hana, mu muna ci. Idan kin ɗebo a hannu kin ji wari irin na magani, ko kin ga farar ƙura, wuce gaba. Ni wake mai 'yan huji kaɗan ya fi kwanta mini a rai fiye da wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Da kaka nake saye daga hannun 'yan'uwa a ƙauye, in shanya ya bushe sosai, in cika jarkar da man gyaɗa kawai ta taɓa ɗauka har wuya, in toshe bakin da leda in ɗaure murfi tamau. Ƙwaro ba ya rayuwa inda ba iska. Mai yawa kuma ya nemi buhun PICS mai ninki uku, dabarar ɗaya ce.

Mangwaro da ayaba da ake nunarwa da kabaid, bayan ya yi kyau, ciki da sauran ɗanye. Ki sayi ɗanyen, ki sa a kwali tare da nunanniyar ayaba ɗaya, kwana biyu zuwa uku ya nuna da kansa. Kayan kwaɗayi kuma, goruba, magarya, aya, dabino, ɗanwake, dafaffen dankali, zoɓon gida mai ɗan sukari, sun rage mana alawa da lemon kwalba, ko da yake ba zan yi ƙarya ba, kawunnansu suna shigo da su ta bayan fage.

Abinci mai zafi ba ya shiga leda a gidana. Mai zuwa sayen koko da ƙosai yana tafiya da jug mai murfi da kwano. Da farko mai kokon tana tsokanata, yanzu da ta hango yaron take miƙo hannu ta karɓi jug. Alale a ƙananan kofunan silba nake yi. Kofin yaro da farantinsa ma na silba ne, sun sha faɗuwa ba su fashe ba, daga babba har auta.

Ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin kulorin yadda aka rubuta a jiki. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. A zuba a randa mai murfi, da moɗa guda mai dogon hannu wadda ba a shan ruwa da ita. Da yake wuta sai an ga dama ake kawowa, ina da firjin tukwane irin wanda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ki jiƙa yashin safe da yamma. Da rani tumatir da alayyafo suna kwanaki a ciki. Da damina ba ya yin sanyi sosai.

Jiƙe-jiƙe da maganin haƙori

Kada wani ya ce miki tunda daga itace abu ya fito ba ya cutarwa. Jiƙon da ba a san awonsa ba yana iya wahalar da hanta da ƙodar jariri. Na kanti ma haka: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, da ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya. Fitar haƙori ba ciwo ba ne da ke buƙatar kwalba. Ki wanke yatsa ki murza masa dasashi. Gudawa da zazzaɓi kuma kada a ɗora wa haƙori a zauna. Ki ajiye ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc a gida. Idan babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi kaɗan-kaɗan kuna hanyar asibiti.

Famfas, shara da tsakar gida

Leƙa kwatar unguwarku bayan ruwan sama ki ga abin da ya toshe ta: leda da famfas. Tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbin akuya. Ni nafkin na auduga nake amfani da shi da rana, guda goma sha takwas sun ishe ni. A zubar da kashin a masai, a jiƙa a bokiti mai murfi, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana tsaka. Famfas sai dare da tafiya. Ban ɓoye miki ba, makon da 'yan ga-ruwa suka tsawwala kuɗi ko nake fama da jiki, famfas nake komawa, ba na kuma jin na yi laifi. Da yaro ya iya zama nake fara ɗora shi a fo da safe da bayan cin abinci, kamar yadda iyayenmu suka yi, shi ya sa nawa ba su daɗe a nafkin ba.

Shara kashi uku ce a wurina. Ɓawo da ragowar ganye na akuyar maƙwabta ne, ko ramin taki a gindin zogale. Gwangwani da ƙarfe da robobi na 'yan jari-bola ne, yara suna tarawa su karɓi 'yan canjinsu. Sauran kaɗan ɗin ne ke tafiya bola, kuma ba na ƙona shi a gida. Ruwan wankin shinkafa da na alwala yana tafiya ga buhuna biyar da na cika da ƙasa na jera a jikin katanga, alayyafo, kuɓewa, yakuwa, tattasai da na'a-na'a. Babbar 'yata ce mai ba su ruwa, kuma tun da kuɓewar ta zama tata ta daina ture miyar. Nan suke wuni, suna ƙera mota da kara, suna girkin ƙasa a murafen kwalba, wayata kuma tana cikin ɗaki.

Watan jiya autata ta fara rarrafe, sai na sake ɗauko bokitin. Na ɗauka ba zan sami komai ba. A ƙarƙashin doguwar kujera na tsinci ƙaramin batir mai kamar maɓalli, ya faɗo daga agogon wasan yayanta. Irinsa idan ya maƙale a maƙogwaron yaro, cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Na naɗe shi da salatif na jefa a akwatin ƙarfe, agogon kuma na ce wa mai shi ya ɓata.